Hukuncin Direban da Ya Sha Tramol Ya Kaɗe Mutum

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni direban babbar mota ne, ina ɗaukar kayan gwari daga Kano zuwa Legas. Tumatir ba ya jira, shi ya sa nake shan tramol don kada barci ya ɗauke ni. Wallahi ba na buguwa, ƙarfi kawai take sa mini. Bara da asuba, tsakanin Mokwa da Jebba, na kaɗe wani mai babur ya rasu. Mai mota ya kai wa danginsa kuɗi, aka kashe maganar. Amma har yau abin na damuna. Shin akwai wani abu a kaina a wajen Allah?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, wannan damuwa alheri ce, Allah Ya sa ta kai ka ga tuba ta gaskiya. Akwai abu a kanka, kuma mai nauyi.

Bari mu fara da maganarka ta "ba na buguwa", domin da ita direbobi da yawa suke kwantar wa kansu da hankali. Imam Ƙarafi, babban malamin Malikiyya, ya bambance a cikin Al-Furuƙ tsakanin abu mai sa maye, da mai ɓata hankali, da mai kwantar da mutum ya daina ji da gani. Saɓanin malamai a kan waɗannan yana wajen haddi ne da najasa. Haramcin shan gwargwadon da zai taɓa hankali kuwa, sun haɗu a kansa. Tramol magani ne na ciwo mai tsanani, dangin su kodin, likita ne ke rubuta shi da awo. Wanda aka amince da shi a Najeriya shi ne mai miligiram 50 da mai 100, wanda ake sayarwa a ɓoye a tasha kuwa har mai 225 ne. Ƙwayar tana ɓoye gajiya, ba ta cire ta. Ido na buɗe amma ƙwaƙwalwa ta yi nauyi, ƙafa na jinkirin kai wa birki, wani ma jijjiga take kama shi irin ta farfaɗiya yana riƙe da sitiyari. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cinye kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Gyangyaɗin daƙiƙa uku ya fi mita 80 ke nan mota na tafiya ba direba. Abin da zai yi wa mutum haka ya taɓa hankalinsa, ko da bai yi tangaɗi ba.

Manzon Allah (SAW) ya ce wanda gyangyaɗi ya kama yana salla ya kwanta har barcin ya sake shi, domin bai san abin da yake faɗa ba. Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Nana A'isha. Mai salla a tsaye yake wuri ɗaya, ba ya taka kowa, amma aka ce ya dakata. Ina ga wanda ke jan tirela cike da lodi a kan hanyar jama'a? Haka kuma a hadisin Abu Musa, an umarci mai wucewa ta masallaci ko kasuwa da kibau ya damƙe tsininsu kada ya soki wani Musulmi. Motarka ta fi kwari guda na kibau haɗari. Allah kuma Ya ce a Baƙara aya ta 195 kada mu jefa kanmu cikin halaka. Saboda haka shan ƙwaya a hau mota haramun ne, kuma zunubin ya tabbata tun lokacin da ka tayar da motar, ko da kun isa kasuwar Mile 12 ta Legas lafiya lau. Lalacewar tumatir ba lalura ba ce da za ta halatta wannan, ran mutum ba a auna shi da kwando.

Sai batun ran da ya salwanta. Ibn Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa mai kora dabba da mai jan ta da mai hawanta duk suna da lamunin abin da ta taka. A kan wannan asali malaman zamani suka gina hukuncin mota. Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a zamanta na takwas a Brunei a 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya wajibi ne a Shari'a, kuma direba na da alhakin ɓarnar da ya yi, sai in wani abu da ya fi ƙarfinsa ne ya jawo, ko laifin na wanda aka kaɗe ne, ko na wani dabam. Wanda ya yi tuƙi da ƙwaya a kai ba ya samun wannan uzuri cikin sauƙi, don shi ya ɓata hankalinsa da hannunsa. Risala ma ta ce mai maye in ya yi kisa a kashe shi, wato idan da gangan ne, ba a ɗauke shi kamar mahaukaci ba. Kai ba ka nufi mutumin ba, don haka naka kisan kuskure ne, babu ƙisasi, amma kuskure ne da aka gina a kan saɓo.

Suratun Nisa'i aya ta 92 ta ɗora abu biyu. Na farko diyya, raƙuma 100 ko dinari 1,000 na zinariya, fiye da kilo huɗu. A kisan kuskure dangin mai kisa na wajen uba ne ke haɗa ta, ana biya cikin shekara uku, kuma haƙƙin magada ce. Nan ne nake jin tsoron abin da kuka yi. Sau da yawa ana kai wa mutanen ƙauye ɗan abin da bai wuce na sadakar uku ba, su karɓa cikin kunya da kuka, a ce an gama. Ka koma ka bincika. Idan magada baligai sun san suna da diyya, suka yafe ko suka yi sulhu da yardarsu, ya inganta. Idan mamacin ya bar marayu ƙanana, babu baffa ko mai unguwa da ke da ikon yafe rabonsu haka kawai. Ka sami alƙalin kotun Shari'a ko malamin yankin a zauna a daidaita, kuma kada ka ɓoye musu gaskiyar halin da kake ciki a ranar.

Na biyu kaffara, wadda haƙƙin Allah ce, yafewar dangi ba ta kayar da ita, mai mota kuma ba zai ɗaukar maka ba. Tunda babu bawan da za a 'yanta, azumi ne na wata biyu a jere. Babu ciyarwa a madadinsa a wannan babi. Da mutum uku suka mutu, da kaffara uku ce.

Hukuma ma tana da nata. Dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta 2007 ta sanya tuƙi cikin maye a jerin laifuffuka, kuma wanda ya jawo mutuwa da tuƙin ganganci yana iya shan ɗaurin shekara bakwai. Mallakar irin wannan ƙwaya ba da takardar likita ba laifi ne dabam a hannun NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Wannan yana cikin ladabtarwar da Shari'a ta bar wa shugaba, cin hanci don kauce masa kuwa wani zunubin ne a kan na farko.

Maigidanka ma ka isar masa da wannan. Wanda ya sa wa direba wa'adin da ba ya cikuwa sai da ƙwaya, da mai sayar da ita a tasha, duk sun yi taimakekeniya a kan zunubi, abin da Ma'ida aya ta 2 ta hana. Ya haɗa ka da direba na biyu, ko ya yarda ka riƙa kwana a hanya. In ya ƙi, ka ajiye masa makullinsa.

Wajen barin ƙwayar, kada ka yanke ta dare ɗaya kai kaɗai in jikinka ya saba da ita. Ka je asibiti a rage maka a hankali, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a nan Kano da na tarayya a Kaduna, kuma kada ka taɓa sitiyari sai likita ya ce ka warware. Azumin ma ka fara shi bayan ka samu sauƙi, don kada ya yanke maka a tsakiya.

Wallahu a'alam.