Ku Tambayi Likita: Cire Haƙori da Tiyata ga Mai Ciwon DID

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ina fama da ciwon DID, wato ciwon rarrabuwar halaye, inda ɓangarori daban-daban na halayena ke karɓar ragamar jikina, wani lokaci sa'o'i su wuce ban san me ya faru ba. An sa mini ranar cire haƙori. Zuwana na baya ana kwantar da kujera na sandare, sai dai na tsinci kaina a waje. Yaya zan yi a gama lafiya?

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Abin da ya same ki yana da dalili. Wannan ciwo galibi yana samo asali ne daga azabar da aka sha maimaita wa yaro tun yana ƙarami, kujerar likitan haƙori kuwa tana tattaro abubuwan da ke tono wancan tabo: a kwantar da mutum, wani ya sunkuyo a kansa, a sa masa ƙarfe a baki, ga magana ta gagara.

Ki fara zuwa ranar da ba za a taɓa bakinki ba. Ki zauna a kujerar, ki ga kayan aikin, ki miƙa wa likita takarda mai layi biyar ko shida. Ba dole ki ba da tarihin rayuwarki ba. Ya isa ki rubuta cewa kina ficewa daga hayyacinki idan kin tsorata, muryarki na iya sauyawa ta koma ta ƙaramar yarinya, kuma idan hakan ta faru a dakata, a ɗaga kujera, a kira sunanki, a faɗa miki inda kike da kwanan wata.

Likitoci kan ce a ɗaga hannu idan ana so a tsaya. Wannan ba ya wadatar da irinku, domin wanda ya sandare hannunsa ba ya ɗaguwa, shi kuma likita ya ɗauka shirun yarda ne. Ku shirya cewa duk bayan minti biyar zai tsaya ya tambaye ki, ki matsa hannun nas sau biyu. Idan ba ki matsa ba, aiki ya tsaya.

Allurar kashe zafi, irin su lidoken, yawanci ana haɗa ta da adirenalin, wanda kan sa bugun zuciya da karkarwa na 'yan mintoci. Ki san da haka tun da wuri don kada jikinki ya ɗauka haɗari ne. Leɓe da harshe za su yi nauyi na sa'a 2 zuwa 4, kuma a nan ne ɓangare mai ƙuruciya kan ciji leɓe har ya ji ciwo bai sani ba.

Bayan an cire, ki cije audugar kamar minti 30. Cikin sa'a 24 ba kurkure baki, ba tofar da yawu da ƙarfi, ba zuƙar ruwa da bututu, ba shan taba. Duk waɗannan suna fizge gudan jinin da ya toshe ramin, ƙashi ya fito fili, bayan kwana 2 zuwa 4 zogi mai tsanani ya taso. Ɓangaren da ya ji wannan bayani a asibiti ba lallai shi ne zai farka da jikin gobe ba, don haka ki rubuta shi da manyan baƙaƙe ki manna a madubin banɗaki.

Tambaya: Matata ce ke da ciwon, kuma za a yi mata tiyata da allurar barci. Mene ne nawa a ciki?

Amsa: Malam, aikinka babba ne, kuma yana farawa tun daren jajibiri. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce a daina cin abinci sa'a 6 kafin allura, ruwa zalla kuma sa'a 2, sai dai in asibitin ya ba da wani umarni. Idan wani ɓangare ya tashi da dare ya ci abinci ita ba ta sani ba, abin da ke ciki zai iya komawa huhu lokacin da take barci. Ka sa ido, kuma ko shakka kawai kake yi ka faɗa. Gara a ɗage aikin.

Ku ga likitan allurar barci tun kafin ranar. Ya kamata ya san ciwon, domin cikin magungunan da ake ba wa mai tiyata, ketamin yana jawo jin kamar mutum ya rabu da jikinsa, midazolam kuma yana goge tunanin abin da ya faru bayan an ba shi. Duka biyun na iya ruɗa ta, shi ne zai auna wanda ya dace. Ku kai masa duk magungunan da take sha, kuma kada ta daina ko ɗaya da kanta. Turamadol ba ya jituwa da wasu magungunan ciwon damuwa, haka ibufurofen da litiyom, maganin daidaita yanayin rai.

Takardar amincewa ta sa hannu lokacin da take cikin natsuwa, ta iya maimaita abin da za a yi mata da bakinta. Ka roƙi a bar ka kusa da ita idan tana farfaɗowa, domin wanda ya fara buɗe ido zai iya zama ɓangaren da bai san da zancen tiyata ba, ya nemi fizge robar ƙarin ruwa.

A gida magani ya zauna a hannunka, kana rubuta lokacin kowace ƙwaya. Farasitamol ga babba ba ya wuce giram 4 a sa'a 24, kuma wuce wannan adadi saboda mantuwa na iya lalata hanta. Kada ka dogara da cewar da za ta yi ba ta jin zafi, wasu ɓangarorin ba sa ji. Ka duba wurin ɗinkin safe da yamma. Ja, kumburi, ruwa mai wari ko zazzaɓin da ya kai digiri 38, ku koma asibiti a ranar.