Kafin ka sa "kowa ya sani" a littafinka na haɗa manhaja

Ɗan'uwa, ka ce kana rubuta littafi kan aikin haɗa manhaja, kuma kana tambaya ko za ka iya kafa hujja da maganganun da suka zama ruwan dare, irin su "gwani ɗaya ya fi masu rubuta kod goma" (kod shi ne umarnin da ake rubuta wa kwamfuta) da "gyaran kuskure bayan an saki manhaja ya fi tsada sau 100". Shawarata, kada ka sa ko ɗaya sai ka bi isnadinsa har ka kai ga wanda ya fara auna abin.

Ɗauki ta gwanin nan. Tushenta binciken Sackman da Erikson da Grant ne na 1968, a Amurka. Mutum 12 kacal aka gwada a sashen ƙwararru, kuma ba ma bambancin gwaninta suka fita nema ba. Suna kwatanta mai aiki kai tsaye da kwamfuta ne da wanda ke miƙa aikinsa ya zauna jiran sakamako. Ratar 28 da 1 da ake yawan kawowa ta fito ne daga haɗa mafi sauri da mafi jinkiri, alhali ba yanayi ɗaya suka yi aikin ba, har harshen kod ɗinsu ba ɗaya ba ne. Wani mai bincike, Lutz Prechelt, ya sake duba alƙaluman a 1999, ya nuna cewa adadin yana ɓatar da mutane. Bambanci tsakanin ma'aikata akwai shi, babu mai musu, amma "sau goma" ba doka ba ce.

Haka aka yi wa Winston Royce, wani masanin haɗa manhaja. Ana jingina masa tsarin yin aiki mataki bayan mataki ba waiwaye, alhali a takardarsa ta 1970 ya zana tsarin ne, sannan ya ce yana da haɗari kuma yana jawo faɗuwa. Mutane suka kwashi zanen, suka bar gargaɗin.

Ita kuwa ta sau 100, galibi ga aikin masanin manhaja Barry Boehm ake komawa, wanda ya ginu kan manyan ayyukan shekarun 1970. Shi kansa ya ce a ƙananan ayyuka ratar ba ta kai haka ba.

Ga yadda za ka yi. Buɗe tebur mai layi huɗu: da'awar, inda ka gan ta, takardar asali, da abin da aka auna a cikinta. Karanta asalin da idonka, domin inda ake zamewa shi ne wane ya ambato wane, shi ma ya ambato wani, a kowane hannu maganar na ƙara kauri. Duba mutum nawa aka gwada, ɗalibai ne ko ma'aikata, kuma lokaci aka auna ko kuɗi. In ka yi hawa uku ba ka taɓa alƙaluma ba, rubuta ta a matsayin ra'ayin masu sana'a, ka cire lambar daga jikinta.