Banki ya sassauta min biyan bashi, amma har yanzu an rubuta ni a cikin marasa biya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Na ci bashin naira miliyan 3 a wani banki, kasuwa ta ja baya, na yi wata huɗu ban biya ba. Daga baya muka zauna, suka rage abin da nake biya duk wata, suka ƙara min wa'adi. Yau wata takwas ke nan ban tsallake ko ɗaya ba. Da na nemi rance a wani bankin sai aka ce sunana na cikin marasa biya. Suna da hurumin rubuta ni haka? Wa zan kai wa kuka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya buɗa kasuwa. Kafin ka kai kuka, sai ka ga abin da aka rubuta da idonka, domin maganar bakin ma'aikacin banki ba hujja ba ce. Kamfanoni uku ne Babban Bankin Najeriya ya ba lasisin tattara tarihin bashin jama'a: CRC Credit Bureau, FirstCentral da CreditRegistry. Dokar rahoton bashi ta 2017 ta ba ka damar karɓar rahotonka kyauta sau ɗaya a shekara. Ka ɗauki lambar BVN ɗinka ka nema a wajen duka ukun, don sau da yawa wannan ya gyara, wancan bai gyara ba.

Akwai abin da ba zai yi maka daɗin ji ba. Wata huɗun nan da ba ka biya ba gaskiya ne, kuma sabuwar yarjejeniya ba ta share su. A ƙa'idar Babban Banki, bashin da ya haura kwana 90 ba a biya ba, to ya shiga sahun wanda ba a biya, kai kuwa ka haura. Tarihin nan yana zama a wajen kamfanonin aƙalla shekara 6. Duk wanda ya ce ka kawo wani abu ya goge maka suna, kuɗinka kawai zai ci.

Inda kake da magana shi ne abin da aka rubuta tun daga ranar da kuka sake yarjejeniya. Duba ragowar bashin, ya yi daidai da abin da ka biya? Duba kwanakin jinkiri. Idan har yanzu suna ƙaruwa wata bayan wata, to da tsohon jadawali ake auna ka, kwamfutarsu na ganin ka biya ƙasa da abin da take jira, sai ta lissafa gibin a matsayin jinkiri. A ganina nan matsalarka take. Duba kuma ko bashin ya fito sau biyu, tsohon asusu a buɗe, ga sabo a gefe. Banki yana da uzurin ya ɗan sa ido a watannin farko ya ga ko sabon tsarin zai ɗore, amma wata takwas ya wuce na sa ido.

Duk wannan ya rataya ne a kan takarda ɗaya: wasiƙar sake tsarin bashin, mai ɗauke da sabon adadi, sabon wa'adi, da sa hannun banki. Idan da baki kuka yi da manaja, kuna shan shayi a ofishinsa, ka koma gobe ka karɓo ta a rubuce. Manajoji ana yi musu canjin wajen aiki, wanda ya zo bai san da zancen ba.

Sai ka rubuta koke zuwa bankin, ka haɗa da wasiƙar nan, da bayanin asusunka na wata takwas, da shafin rahoton da ka ja wa layi. Ka faɗi abin da kake so a gyara ɗaya bayan ɗaya, ban da dogon labarin kasuwa. A buga maka hatimi a kwafinka, a ba ka lambar koke. Ka aika irinsa ga kamfanin da ya fitar da rahoton. Amma ka matsa wa bankin lamba fiye da kowa, domin shi ke aika bayanan duk wata. Idan bai gyara a wajensa ba, kuskuren zai sake dawowa.

Idan mako biyu ya wuce shiru, ko amsar ba ta gamsar da kai ba, ka kai maganar Sashen Kare Haƙƙin Abokan Hulɗa na Babban Banki, tare da lambar koken nan. Bayan su akwai kotu. Kada kuma ɓacin rai ya sa ka tsayar da biya ana cikin wannan, wata ɗaya ka tsallake ka ba su hujjar da ba su da ita. Idan sun ce sun gyara, ka jira zagayowar wata ka sake ciro rahoton daga duka ukun kafin ka koma wancan bankin.