Tambaya da Amsa: An kira Baba kan tallafin taki

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Maigatari. Ranar Alhamis Baba ya sayar da bijiminsa a kara, aka tura masa kuɗin ta asusu. Da yamma wani ya kira shi, ya ambaci cikakken sunansa, ya ce ya fito a tallafin taki, amma sai ya karanto masa lambobin da za su shigo wayarsa. Baba bai yi boko ba, sai ya ce a jira in dawo daga gona. Har yanzu mutumin yana ta kira. Gaskiya ne ko damfara? Sannan kullum ana zare masa kati ko bai yi kira ba. Wa za mu kai wa kuka?
Mai karatu daga Maigatari

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. A gaishe da Baba, a ce na yaba masa. Damfara ce tsagwaronta. Lambobin nan banki ne ke turo su idan wani yana ƙoƙarin shiga asusu ko cire kuɗi. Ɓarawon yana tsaye a bakin ƙofa, mabuɗi kawai yake jira Baba ya miƙa masa.

Kada sanin sunan ya ruɗe ku. Duk wanda ya buga lambar asusunka kamar zai tura maka kuɗi, sunanka zai fito masa, kuma akwai asusun da lambarsa ita ce lambar wayar mutum. Ni dai ban yarda dace ba ne a sayar da sa da rana a kira mai shi da yamma. Ban ce ku zargi dillali ba, amma a kara lambar asusu da ƙarfi ake faɗinta, kunnuwa kuma suna da yawa.

Idan ya sake kira, kada ku tsaya ja-in-ja, ku kashe. Banki, kamfanin waya ko ma'aikatar gona, babu mai neman lambar sirri ta katin ATM ko wadda ta shigo ta saƙo. In da Baba ya riga ya karanto, da abin yi shi ne kiran lambar da ke bayan katin a rufe asusun nan take, ba a jira gari ya waye.

Zancen katin waya kuma, yawanci wani tsari ne aka shiga bisa kuskure, irin su waƙar kira ko saƙon labaran ƙwallo. Ka danna *305# ka soke, ka tura STOP zuwa 2442 don tsayar da saƙonnin talla. In ba a daina ba, kira 300. Tun 2023 ita ce lambar kai koke a kowane layi. Ka nemi lambar ƙorafi ka rubuta ta a takarda. Idan sun yi maka ƙememe, sai ka kira Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, a 622, kyauta ne, kuma lambar ƙorafin nan za su nema.

Wani abu da ba ka tambaya ba: layin Baba da sunan wa aka yi masa rajista? A ƙauyukanmu da yawa an sayi layi ne da sunan wani yaro. Ranar da wayar ta ɓata, mai lambar shaidar ɗan ƙasa (NIN) da ke kan layin kawai kamfani zai saurara. Ku gyara wannan, kuma idan za a kai wayar shagon caji, a zare layin a bar shi a aljihu.