Zanen bango, kwandon kaka da sarƙar wuya: wanne ne na tsafi?

Tambaya: Ni magini ne, ina gyaran wani tsohon gida a Birni. Ɗan mai gidan ya ce in kankare zanen da ke fuskar zaure, wai na arna ne. Akwai dagi, da tauraro mai kusurwa 6, da takobi. A bayan gida kuma mun tono tukunya a kife. Me waɗannan ke nufi?

Amsa: Malam, ka dakata da kankarewa. A cikin zanen da ka lissafa babu na bauta ko ɗaya. Dagi asalin kalmar tafin zaki ne ko na damisa, kuma zanen yana jikin babbar riga da kayan dukawa kamar yadda yake a bango. Shi ne aka mayar tambarin Arewacin Najeriya a zamanin Sardauna Ahmadu Bello. Tauraro mai kusurwa 6 malamanmu na kiransa hatimin Annabi Sulaimanu, yana cikin tsofaffin kundaye da layu, yana kuma jikin kwabo mai huji na Ingilishi, tun kafin a kafa Isra'ila a 1948. Takobi alamar sarauta ce da jarumta. Zankwayen saman soro ma, da wasu ke cewa ƙahon aljani ne, ka fi mu sanin aikinsu: suna ƙara wa kusurwa kauri inda ruwa ke fara ci, magini kuma ya sami wurin ɗaura igiya.

Alamar bautar anna, wato masu addinin gargajiya, waɗanda a yammacin Nijar ake ce wa azna, a Kano Maguzawa, ba ta da ado. Abin da ake nema shi ne jigo, wato itace mai gwafa da aka kafa a cikin gida, sau da yawa da dutse a gindinsa. Nan mai gida ke yanka kafin shuka da bayan girbi, a zuba jinin a wurin, iyali su ci naman. To amma rijiya ma da jigonta, rumfa ma da gwafarta. Abin da ke bambanta su shi ne itacen tsafi ba ya ɗauke da komai, kuma za ka ga baƙin busasshen jini da gashin kaza manne a jikinsa. Haka tsamiya da kuka: ana ɗaukarsu mazaunin iskoki, amma sai ka ga ƙyalle ɗaure ko alamar yanka a gindi kafin ka ce ana yi mata hidima.

Tukunyar kuwa, a tsofaffin gidaje an fi samun mabiyiyar jariri da aka binne aka rufe da kasko, ko rubutun tsarin gida. Ka kira dattijon gidan ya buɗe da hannunsa.

In za ka gyara zanen, kada ka shafe shi da siminti. Siminti na kulle laima a cikin ƙasa, bayan damina biyu ko uku sai ya ɓare ya tafi da zanen. Ka cike tsagar da irin ƙasar ginin, ka bi da makuba.

Tambaya: Kakata ta rasu ta bar kwando. A ciki akwai jan ƙyalle, baƙin saƙi, wuri, ƙaramin allo da carbi, ɗan baka da kibiya, da ƙulle-ƙullen magani. An ce da tana bori. Tsoro ya hana ni taɓawa.

Amsa: Allah ya jiƙanta, Hajiya. Abin da kika gada ƴan bori na kiransa tsere, wato kayan da aka keɓe wa kowane iska. Wanda aka yi wa girka, wato aka shigar da shi bori, yana tara kayan iskokin da ke hawansa, shi ya sa ake kiran namiji doki, mace godiya. Kwandon tamkar jerin sunaye ne ga wanda ya iya karantawa, kuma launi ne mabuɗinsa.

Fari na Malam Alhaji ne, iskan da ke zuwa a siffar tsohon malami, yana tari yana jan carbi. Allon da carbin nasa ne, yankansa kuma farin rago ko farin zakara. Ja na Kure ne, jan bunsuru ko jan zakara ake ba shi. Baƙin saƙi na Inna ne, wadda ake ce wa Doguwa, ita ake jingina wa shanyewar hannu ko ƙafa. Ba a son kama sunan Doguwa, shi ya sa ake sakayawa da Inna. Akwai Doguwa Baƙa da Doguwa Fara, kowacce da launin dabbarta. Wuri, in yana tare da turare da kyakkyawan rawani, yana nuna Ɗan Galadima, ɗan sarki mai caca da kyauta. Baka da kibiya na Gajere ne, iskan maharba. Da kin ga jar dara, usur ko rigar soja, da sai mu ce Babule, iskokin da ke kwaikwayon sojan Nasara, waɗanda suka ɓullo wajen Filinge a 1925.

Kuskuren da aka fi yi shi ne karanta abu ɗaya shi kaɗai. Wuri kuɗi ne a ƙasar nan kafin zuwan Faransa, ana kuma yi wa yara ado da shi. Haɗuwar kayan wuri guda ita ce shaida. Sannan rabon launi yakan ɗan sauya daga Damagaram zuwa Maradi ko Ƙonni.

Abin da ya fi damunmu ƙulle-ƙullen nan ne. Kada a ɗanɗana, kada a turara, kada yara su kai hannu, domin a irin wannan haɗi akan sami zaƙami, mai gusar da hankali, mai kisa in ya yi yawa. Hukuncin ajiye sauran kayan ki tambayi malaminki. In ba za ki riƙe ba, muna roƙonki ki kai gidan tarihi na Damagaram maimakon ƙonawa, ki kuma faɗi garin da kakar ta fito, don a rubuta.

Tambaya: Ɗana ya sayo sarƙa a kasuwar Dole, mai kama da gicciye amma da zobe a kai. Abokinsa kuma tasa tauraro ce a cikin da'ira.

Amsa: Alhaji, duba ƙasan zoben. In sanda ce miƙaƙƙiya da wata sandar a gicciye, wannan ankh ne na tsohuwar Masar, ma'anarsa rai, kuma a zanen kaburburan Fir'aunoni allolinsu ne ke riƙe da shi. In kuwa jikin ya buɗe kamar lu'ulu'u, da ƴan ƙulli a bakin rassansa, ƙirar maƙeran Buzaye ce irin ta Agadas. Ana ƙirga iri 21 da sunayen garuruwa, har da ta Damagaram, kuma ado ce ta azurfa.

Tauraro mai kusurwa 5 shi kaɗai yana kan tutar Maroko. Wanda aka sa cikin da'ira alamar Wika ce, addinin da ya bayyana a Ingila a shekarun 1950, inda kusurwoyin ke nufin ƙasa, iska, wuta, ruwa da ruhi. In an juya shi, kusurwa biyu na sama da kan bunsuru a tsakiya, tambarin masu kiran kansu cocin Shaiɗan ne da aka kafa a Amurka a 1966. Ka karɓi sarƙar abokin ka riƙe ta a rataye, ka ga ko kusurwa ɗaya ce ke kallon sama ko biyu.