Don Allah kada ki ƙwace mata littattafan nan

'Yar'uwa, tun jiya na ga tambayarki, na wuce, na dawo, na sake wucewa, zuciyata ta ƙi barina. Kin ce ƙanwarki ta shiga shekarar farko ta babbar sakandare, aminiyarta ta tun ƙaramar sakandare ta juya mata baya, yanzu in ta dawo gida sai ta shige ɗaki da littafin labari, ba ta kula kowa. Kina tambaya ko ki ƙwace littattafan don ta fito ta shiga mutane. Wallahi kamar labarina kika rubuta. Ni ce yarinyar nan a shekarun baya, kuma ina roƙonki kada ki taɓa mata littafi ko ɗaya.

Shekara uku muka yi da tawa ƙawar a benci ɗaya. Biro ɗaya muke karɓa-karɓa, in an kore ta daga aji ni ma sai na ji kamar ni aka kora. Da muka shiga babbar sakandare aka raba mu, ita ajin kimiyya, ni ajin adabi, ga sababbin ɗalibai sun zo daga wasu makarantu. Ba a yi wata guda ba ta samu wasu 'yan mata uku, ta fara yi mini gaisuwar nesa. In na je ƙofar ajinsu lokacin tara sai ta ce tana zuwa, ba ta zuwa. Na rasa laifin da na yi. Sai na zauna da dare na yage takarda huɗu daga tsakiyar littafin rubutuna, na rubuta mata wasiƙa. Duk abin da ke cikina na zuba a ciki: yadda nake kuka, yadda ba ni da kowa sai ita, har da wata matsala ta gidanmu da ban taɓa faɗa wa mahaluki ba sai ita.

Washegari da aka tashi tara na shiga ajinsu neman amsa. Na tarar ɗaya daga cikin sababbin ƙawayenta ta hau kan benci, takarduna a hannunta, tana karantawa da ƙarfi, tana maƙale murya kamar mai kuka. Aji ya cika, har da 'yan ajinmu. Akwai kalma ɗaya da na rubuta ba daidai ba, ta tsaya a kanta ta maimaita sau uku, aka kwashe da dariya, kuma da wannan kalmar aka riƙa kirana har ƙarshen zango. Amma ba dariyar ce ta fi ci mini rai ba. Na duba inda ƙawata take, tana zaune a kujerarta tana kallon farcenta. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ce a bari ba. Da aka zo kan maganar gidanmu na ɗauka za ta miƙe ta fizge takardar. Ko motsi ba ta yi ba. Har yau in na rufe ido ina ganin yadda take murza ɗan yatsanta, ina jin ƙarar bencin da waccan ta taka. Na fita ban san inda nake jefa ƙafa ba, na tsaya bayan ajujuwa har aka kaɗa ƙararrawa, ban koma aji ba ranar.

Kuma kin san ba ta taɓa ba ni haƙuri ba? Shekara uku muka ƙara a makaranta ɗaya, muna haɗuwa a hanya, ta sunkuyar da kai ta wuce. Bayan shekaru ta turo mini neman abota a Facebook, da saƙon wai kwana biyu, ya bayan rabuwa, kamar ba abin da ya taɓa faruwa. Na yafe mata tsakanina da Allah, amma ban amsa ba. Da ta ce mini ita ma tsoron 'yan matan nan take ji a lokacin, da na fahimta, don shekararmu goma sha biyar ne duka. Kalma ɗaya nake jira, ba ta zo ba. To, bar wannan.

Abin da ya sa na ba ki wannan dogon labari shi ne, a gida ba wanda ya san an yi haka. Abin da suka gani kawai na daina magana na koma karatu. Don haka kafin ki ɗora wa littafi laifi, ki sani mai yiwuwa akwai abin da ya faru da ƙanwarki wanda ba ta faɗa ba. Littafin ba shi ne ciwon ba, shi ne ta samu ta ɗaure ciwon da shi.

Ɗakin karatu na makaranta na koma ɓuya lokacin tara, don nan ne kawai ba mai kirana da sunan nan. Da farko ba karatu nake ba, buɗe littafi nake na kare fuskata. Sai wata rana hannuna ya faɗa kan Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934, tun yana malamin makaranta. Ɗan siriri ne. Labarin yaron da aka raba da mahaifiyarsa, ita kuma ta bar komai ta shiga duniya nemansa. Na yi kuka a kansa irin kukan da na kasa yi wa kaina. Daga nan na bi Ruwan Bagaja, na bi Magana Jari Ce duka uku, inda a na farkon aku ke riƙe ɗan sarki da labari dare bayan dare don kada ya fita. Ni ma haka labari ya riƙe ni a watannin nan.

A bayan kowane littafi akwai ɗan kati da mai aro ke rubuta sunansa. Na lura duk littafin da na ɗauka, akwai suna ɗaya da ya riga ni, da ƙananan haruffa masu karkata. Wata yarinya ce a ajinmu, tana zama can baya, sabuwar zuwa, ba mu taɓa magana ba. Ranar da muka fara magana ma kusan rigima ce, don kwafi ɗaya ne na So Long a Letter a ɗakin, kuma tare muka kai hannu. Mai kula da ɗakin ta ce mu raba kwanaki, ita biyu ni biyu. Da ta miƙo mini bayan kwana biyun na tarar da 'yar takarda a shafin da ta tsaya, ta rubuta: ke a ganinki wa ta fi gaskiya a cikinsu?

In ba ki san littafin ba, Mariama Ba ce ta ƙasar Senegal ta rubuta shi da Faransanci a 1979, ya ci kyautar littattafan Afirka mai suna Noma a 1980. Gaba ɗayansa wasiƙa ce da Ramatulaye ta rubuta wa aminiyarta Aisatu bayan rasuwar mijinta. Dukansu an yi musu kishiya. Aisatu ta tattara 'ya'yanta ta tafi, ta koma karatu har ta samu aiki a Amurka, Ramatulaye kuma ta zauna. Hanyarsu ta rabu amma amincinsu bai girgiza ba, har Aisatu ta saya mata mota lokacin da take cikin wahala. Ki duba fa, ni da wasiƙa ta zame mini abin kunya, sai ga littafi sukutum wanda wasiƙa ce daga ƙawa zuwa ƙawa, ana karanta shi a duniya da daraja. Ranar na daina jin cewa rubuta wasiƙata ne laifin.

Mun yi mako uku muna musu ta takarda. Ita tana bayan Aisatu, ni ina bayan Ramatulaye. Wata rana ta rubuto cewa ban fahimci komai ba, gabana ya faɗi, na ce shi ke nan, wannan ma ta tafi. Da safe sai ga ta ta jawo kujerarta kusa da tawa, ta ci gaba da musun da baki. A wurinta na fara sanin za a iya saɓa wa mutum a ra'ayi ba tare da an yar da shi ba. A wurinta kuma na gane nawa kuskuren, don na ɗora wa ƙawata ta farko rayuwata duka, ba na son ta yi dariya da kowa sai ni. Wannan bai wanke abin da ta yi ba, amma sai da na ga irin halin a jikin mutanen cikin littafi kafin na iya ganinsa a jikina. Kafin ƙarshen shekarar mun zama mu biyar masu musayar littafi, ni da ba na iya ɗaga hannu a aji na tsaya gaban malami na kare ra'ayina.

Abin da zan ce ki yi, kada ki tsare ta da tambayar me ya faru, ba za ta faɗa ba. Ki tambaye ta me take karantawa, ki ce ta ara miki in ta gama, kuma ki karanta da gaske. Sannan ki ce mata wance a littafin ta ba ki haushi, ki ga yadda bakinta zai buɗe. Yara a wannan shekarun sun fi iya faɗin ciwonsu da sunan wani. Ta haka kuma za ki san irin abin da take karantawa, don ba zan ɓoye miki ba, akwai labaran da ke yawo a waya da ba su dace da shekarunta ba. In kin ga irinsu ki musanya mata da mai kyau, ba ki bar hannunta wayam ba.

Don Allah kuma kada ki je wurin tsohuwar ƙawar ko iyayenta. Yayata ta so yin haka da ta ji labarin daga baya, da ta je da na shiga uku a makaranta. Kada kuma ki ce mata ƙawa ai banza ce, za ta samu wata. A wurinta ba banza ba ce, rashi ta yi.

Wani abin da ke ƙona mini rai, malaman adabi da ke shigowa su cika allo da taƙaitaccen labari da jerin jigogi, a kwafa a haddace, yaro ya ci jarrabawa bai taɓa buɗe littafin ba. Da ana ba yara minti goma su yi musu a kan abin da suka karanta, da yara irina da yawa sun samu abokai a cikin aji ba sai sun ɓuya ba. In makarantarsu na da ƙungiyar adabi ko ta muhawara, ki nuna mata, amma kada ki tura ta dole.

Sai dai ki sa ido. In ta daina cin abinci, ko barci ya ƙaurace mata, ko ta fara ƙin zuwa makaranta, ko kika ji tana cewa ta gaji da rayuwa, wannan ya wuce maganar littafi, ki sanar da iyayenku a nemi malamin ba da shawara ko likita, kada a jira. Ni ban kai can ba, amma na kusa, kuma ba wanda ya lura.

Ki gaishe mini da ita. In kin samu dama ki dawo ki faɗa mana sunan littafin da ke hannunta yanzu, ina so in sani.