Tambaya da Amsa: Wane katako ya dace da bangon tsohon gidanmu?

TAMBAYA: Salam Malam. Mu dai a San Jose muke ta jihar Kalifoniya, bara muka sayi tsohon gida irin na Eichler, ginin wajejen 1960 ne, mai shimfiɗaɗɗen rufi da manyan gilasai. Katakon bangon waje ya ruɓe ta ƙasa, maigidana ya ce a yaye duka a sa na roba a huta, ni kuma raina bai kwanta ba. Dan Allah wane katako ya dace?
Wata mai karatu, San Jose

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. A gaida maigida, amma maganar gaskiya ina bayanki a wannan. Joseph Eichler ya gina gidaje kusan 11,000 a Kalifoniya, kuma abin da ke ba su kyau ba ado ba ne, siraran layukan nan ne da ke tsaye daga ƙasa har rufi. Na roba yawanci a kwance ake jera shi, kina sa shi gidan ya tashi daga Eichler ya koma gidan kowa.

To tun kafin a zo kan sunan itace, ki sa kafinta ya auna tazarar layukan tsohon. Na Eichler yawanci kurkusa suke, inci 2 ko ƙasa da haka, shi kuwa filawud ɗin bangon waje mai layuka da ake kira T1-11, wanda ake samu ko'ina, tazararsa inci 4 ce ko 8, daga bakin titi ma za a gane ba shi ba ne. Akwai masu yanka shi daidai da na asali, su za ku nema, in kuma ruɓewar ba ta kama ko'ina ba ai ba sai an yaye duka ba, a canja wanda ya lalace kawai.

In fenti za ku shafa, filawud mai kyau ya wadatar, kar ku ɓarnatar da kuɗi. In kuma so kike a riƙa ganin jikin itacen, sai redwood ko western red cedar, suna jure ruwa da ƙwari, sai dai tsada, kuma rana za ta mai da su ruwan toka in ba a sabunta musu mai duk bayan 'yan shekaru. Sannan ƙusa dole ta zama wadda ba ta tsatsa, in ba haka ba za ki ga baƙin zane yana gangarowa daga kowace ƙusa.

Amma Hajiya me ya ruɓar da na farko? Ruwa ne, ko ƙasa ta taɓa katakon ko abin ba-ruwan fulawa yana fesa bango kullum safiya. A bar aƙalla inci 6 tsakanin katako da ƙasa, a shafe bakin duk inda aka yanka, a kuma duba ko gara ta shiga ginshiƙai, don can ma akwai gara, ba mu kaɗai ta addaba ba.

Kar ku kankare tsohon fentin da kanku. Sai 1978 Amurka ta hana fenti mai dalma a gidaje, ƙurarsa kuma illa ce babba ga yara, a gwada tukuna. Ku kuma tambayi ofishin gine-gine na birni ko unguwarku na cikin yankin gobarar daji, don a irin wuraren nan doka ce ke faɗin wane katako aka yarda da shi.